Filin da Sammani Ya Hana a Noma

Sammani Mai Tuta ya rasu ranar Talata, sha ɗaya ga Yulin bana, 1989, aka yi masa sutura bayan azahar. A wajen zaman makoki na ji wani yana raɗa wa na kusa da shi, "To, ya tafi da sirrinsa." Amma bai tafi da shi ba, a hannuna ya bar shi, kuma lokacin faɗarsa ya yi.

Ni Bilya, tsohon malamin firamare, a makarantar mishan na yi karatu, inda aka hore mu da cewa kada mu rubuta abin da ba mu auna ba. Shekara talatin duk takardar Turancin da ta shigo Tudun Ɗinya ni ake kira in karanta. Garin namu yana hannun hagu in ka baro Kura ka bi gefen babban kanal za ka Bunkure.

Sammani manomi ne kamar kowa, gajere, mai ƙarancin magana. Abin da ya bambanta shi da mutane takunsa ne. A 1974 wani kamfani ya kawo ƙaramin jirgin sama mai feshin maganin ƙwari a gonaki da na tsuntsayen jan-baki a makwancinsu. Aka share fili a gabas da gari, aka zuba marmara aka daddaɓe, tsawonsa taku ɗari tara da ashirin, faɗinsa talatin. Matuƙin jirgin, wani dogon Bature ɗan ƙasar Holan da muke kira Kaftin Pita, ya ce yana son mai riƙe tuta. Ya jera maza goma sha biyu, kowa ya yi taku ashirin sau uku, yana bi da igiyar awo. Na Sammani ne kaɗai ya faɗi wuri ɗaya duka sau ukun.

Aikin kuwa shi ne ya tsaya a ƙarshen gona da farar tuta a kan gora. Jirgi ya saito shi, ya taho ƙasa-ƙasa har sai ka ce zai tsinke masa hula. In ya wuce, Sammani ya yi taku goma sha shida gefe, ya sake ɗaga tuta. Haka har gona ta ƙare. Na sha tsayawa da 'yan makaranta muna kallo daga bakin kanal. Ƙarar jirgin nan da safe, da yadda tumaki ke watsewa, da Kaftin yana ɗago mana hannu ta taga, har yau in na rufe ido ina ganinsu.

A ƙarshen filin ta gabas akwai doguwar sandar ƙarfe, an rataya mata wani buhun yadi ja da fari, mai baki biyu, wanda ke nuna wa matuƙi inda iska ta dosa. Mu safa muke ce masa.

Cikin Afrilun 1977 jirgi ya tashi bai dawo ba. Kowa ya koma harkarsa ban da Sammani. Kullum da hantsi yana filin nan, yana cire ciyawa, yana toshe ramin gara. Safa ta yage, matarsa Hajara ta ɗinka wata da buhun fulawa, ta rina rabinsa ja. Ta sake yagewa, ta sake ɗinkawa. Shekara goma ana haka.

Sai mai karatu ya san abu biyu game da garinmu kafin ya gane abin da ya biyo baya. Na farko, a al'adarmu in mutum ya kafa sanda a saura, wato filin da ba a nomawa, ya ɗaura mata tsumma, ba mai sa fartanya a wurin har sai ya cire da hannunsa. Safar nan tsumma ce a kan sanda, don haka muddin tana sama fili yana da mai shi. Na biyu, lokacin da aka kawo noman rani 'yan safiyo sun auna gonakinmu, muka dangwala yatsa a takarda, da aka mayar mana kowa ya ga tasa ta ragu. Tun daga ranar, in baƙo ya zo da takarda da murmushi, hannunmu a aljihu muke barinsa.

To, mutum yana gadin fili mafi kyan shimfiɗa a garin, ba shuka ba girbi, ba wanda ya sa shi. Dole a yi magana. Wasu suka ce daga waje ake aiko masa da wani abu a ɓoye. Wasu suka ce Giɗaɗo, Bafulatanin da shanunsa ke ratsa filin zuwa mashaya, shi ke kai masa nono da man shanu. Mafi yawa kuwa cewa suka yi akwai abin da aka binne, domin an ga shi da Kaftin da shebur a makon da jirgi zai tafi. Aka tuna kuma cewa a 1976 awakinsa bakwai sun mutu a safiya ɗaya, aka ce ai alama ce ta mai hulɗa da abin da ba na alheri ba.

Ban ware kaina ba. Ni ma na zarge shi. Duk ranar da na je Kura ɗauko wasiƙun gari sai na duba ko akwai mai sunansa. Babu ko ɗaya, kuma rashin nan ma sai ya ƙara mini zargi.

Wanda ya fi kowa takura masa shi ne taubashinsa Tambaya, mai gonar da ke maƙwabtaka da filin. Da yake abokan wasa ne, abin da ya ga dama yake faɗa.

"Ranka ya daɗe sarkin jirage! Yau nawa suka sauka?"

"Uku," in ji Sammani, bai ɗago ba. "Duk sun tambaye ka. Na ce kana barci."

"Kai dai ka faɗa mini inda tukunyar take, bawana, mu raba. Ka ga tsufa ya zo, kada ka manta wurin."

"Abin da ke ƙasa ba rabonka ba ne, Tambaya."

"Kun ji ko? Ya amsa akwai!"

A 1987, shekarar da aka hana shigo da alkama daga waje, kowane taƙi na ƙasa mai samun ruwa ya zama abin nema. Dagaci Muhammadu Sani ya tara mu a zaurensa cikin Agusta, ya ce za a raba filin jirgi kashi goma sha huɗu, a ja masa ruwa daga kanal. Ya dubi Sammani.

"Shekara goma ban matsa maka ba. Yanzu ka ba ni dalili ɗaya."

"Allah ya ja zamaninka, jirgi yana iya dawowa."

Zaure ya ɗauki dariya. Dagaci bai yi ba. Ya ce, "Ranar ashirin da ɗaya ga Nuwamba za a buɗe ruwa. Kafin ranar, ko jirgi, ko dalili, ko ka sauke tsummanka da hannunka. Kada ka sa ni in sa a sauke."

Sati uku bayan wannan sai ga wasiƙa daga Holan, a kan ambulan an rubuta Dagacin Tudun Ɗinya. Na karanta ta a zauren, jimla-jimla, ina juyawa da Hausa. Ta fito ne daga wata unguwa mai suna Aldervel a gefen wani babban birni. Suka ce da can ƙauye ce ta masu kiwon shanu, sai aka yi filin jirgi a makiyayarsu tun zamanin jiragen katako da zane, 'ya'yansu da yawa suka zama matuƙa da makanikai. Daga baya birni ya matso, gidaje suka cinye filin, ba abin da ya saura sai rumfar jirgi ɗaya da suka mayar gidan tarihi. Yanzu suna ƙulla ƙawance da garuruwan da matuƙansu suka yi aiki. A littafin tafiye-tafiyen Kaftin Pita sun ga sunan garinmu, da hoton wani mai tuta, Sammani. Za su aiko da wakiliya.

Sai Tambaya ya ce, "Ƙawance? Mu mata ne?"

Wani dattijo ya ce, "Malam, maimaita wurin nan. Ka ce gidaje sun cinye filinsu?"

"Haka aka rubuta."

"To ai magana ta fito. Nasu ya ƙare, sun tuna da namu. Ga kuma wanda ya ajiye musu."

Duk zaure ya juya ga Sammani. Na dube shi ni ma, na ga abin da ban taɓa gani a fuskarsa ba: murna. Na ce a raina, lallai biri ya yi kama da mutum. Daga ranar mutane suka rage amsa sallamarsa. Hajara ta je gidan suna aka tashi aka bar mata tabarma ita kaɗai.

Wakiliyar ta iso ranar Asabar, sha huɗu ga Nuwamba, saura kwana bakwai a buɗe ruwa. Madam Anika sunanta, dattijuwa mai furfura, ƙanwar Kaftin. Ta kawo allon tagulla mai sunan garuruwan biyu, da takardar ƙawance. Dagaci ya karɓe ta da fura da kaji, ya karɓi allon, takardar kuwa ya ce a ajiye tukuna. Daga nan gari duka ya bi ta zuwa fili.

Ta yi tafiya a kan marmarar tana share hawaye. Da muka kusa sandar ta ɗaga kai ta ga safar buhun fulawa, ta tambayi wanda ya ɗinka. Sai ta ce, in Sammani zai yarda, tana roƙon a ba ta ita, su rataye a rumfarsu kusa da hoton yayanta.

Na fassara. Tambaya ya yi tsalle.

"Ba ta mana! Baƙuwa ta roƙi tsumma, ka hana ta? Sauke, sauke, in taya ka?"

Sammani ya tsaya kamar an dasa shi. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ce da shi a gaban jama'a, "Sammani, in babu abin da kake ɓoyewa, ka ba ta."

Ya dube ni. Sannan ya juya ga Dagaci. "Allah ya ja zamaninka, ina da magana da ita. Ba ni da Turanci, dole Malam ya zo. Sauran a tsaya nan."

Dagaci ya miƙa sandarsa a gaban mutane don kada su biyo mu. Mu uku muka ƙarasa gindin ƙarfen, taku talatin daga jama'a.

"Malam, tambaye ta, yaushe za a zo a kwashe gangunan?"

"Waɗanne ganguna?"

"Kai dai tambaye ta."

Na tambaya. Ta ce ba ta gane ba. Sai Sammani ya yi bayani, muryarsa ƙasa-ƙasa, ina juyawa. Da kamfani zai tashi, an bar ganga goma sha ɗaya na maganin jan-baki, cike, ba a buɗe ba, babu motar ɗauka. Kaftin ya ce ba zai bar su a sarari ba. Su biyu suka haƙa rami suka binne, a nan inda muke tsaye. Ya ce wata uku zai dawo da babbar mota. Ya ce kafin nan kada a haƙa, kada ruwa ya kwanta a wurin, domin in ƙarfen ya ci tsatsa ya huje, abin zai bi ƙasa ya shiga kanal da rijiyoyi.

Madam Anika ta dafa sandar. Ta ce yayanta ya rasu tun 1981, kamfanin ma ya rushe kafin nan. Ba wanda ya san da wannan magana. Ita hoto da safa kawai ta zo nema.

Da na faɗa wa Sammani, sai ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya sa ya huta." Ya ƙara da cewa, "Ashe ba mai zuwa."

Na ce, "Haba Sammani! Shekara goma? Me ya hana ka faɗa wa Dagaci?"

"Malam, ka tuna awakina?"

"Na tuna."

"Ganga ce. Wadda ba komai a ciki, na ɗauka a ɓoye na kai gida. Sau uku Hajara ta wanke ta da toka da sabulu. Muka zuba ruwa. Allah ya sa awaki suka riga mu sha." Ya nuna jama'a da haɓa. "Dube su. Wa ka sani a cikinsu da zai ji akwai gangar ƙarfe goma sha ɗaya a ƙasa, sababbi, ya bar su? Wani zai zubar da maganin ya ajiye ruwan sha. Wani zai fesa wa tumatir. Wani zai zuba a kanal ya kwashi kifi. Dagaci mutumin kirki ne, amma yana da fadawa, fadawa suna da mata. Kai kanka, Malam, ba ka taɓa roƙona in samo maka ɗaya ba?"

Na roƙa. A 1976 ne, don tarar ruwan sama a makaranta. Ya hana ni, na yi wata biyu ba na gaishe shi da kyau.

Daga can Tambaya ya ɗaga murya. "Malam Bilya! An gama cinikin ne? Ko da kai za a raba?"

Shekara talatin ban taɓa ƙara wa mai magana ko rage masa ba. Ranar na tsaya da magana a bakina ban san inda zan kai ta ba. In na faɗa, kafin sati a haƙe wurin. In na yi shiru, ranar Asabar ruwa ya kwanta a kai. Sai idona ya faɗa kan allon tagullar da wani bafade ke riƙe da shi.

Na ce da Madam, allon nan ba a bangon Dagaci ya kamata ya zauna ba. Ta nemi a kafa shi nan, a kan daɓen kankare mai kauri, taku goma sha biyu kowane gefe, kuma a bar taku arba'in na wannan ƙarshen ba noma ba ruwa. Nan ne tudun filin, ruwan sauran ba zai hauro ba. Ta gane nan take. Ta ce ita za ta sa a yi, kuma in ta koma za ta nemi masu zuwa su kwashe. Na faɗa wa Sammani. Ya auna wurin da ido, ya ce, "Arba'in da biyar." Aka bar shi a haka.

Muka dawo. Na ce, "Allah ya ja zamanin Dagaci, baƙuwa za ta tafi da safa. Tana roƙon a bar taku arba'in da biyar na gabas don allon tunawa. Saura na gari ne."

Dagaci ya ƙura mini ido. "Iyakar abin da aka faɗa ke nan? Kun daɗe fa."

"Turanci yana da tsawo, ranka ya daɗe."

"Na ga alama." Ya dubi Sammani, ya dubi ƙasar gindin sandar, ya daɗe yana shafa gemu. "Taku ɗari takwas da saba'in da biyar sun ishe mu. Amma ka gaya mata ba na dangwala yatsa a takardar kowa. In ƙawance take so, ga hannuna."

Haka aka ƙulla ƙawancen Tudun Ɗinya da Aldervel, ba sa hannu ba hatimi. Sammani ya kwance igiya da kansa, ya sauke safa, ya naɗe ta sau huɗu ya miƙa mata da hannu biyu. Ranar Alhamis magina daga Kura suka gama daɓe. Ranar Asabar aka buɗe ruwa.

Gari ya samu alkama, amma sunan Sammani bai wanku ba. Cewa aka yi ya sayar wa Turawa taku arba'in da biyar, an kuma rufe dukiyar da siminti don kada talaka ya taɓa. Cikin kashi goma sha huɗu ba a ba shi ko ɗaya ba, shi ma bai nema ba. Ni ma an ɗan shafa mini. Ya ci gaba da zuwa da hantsi, yana share daɓen, yana tare duk wata 'yar hanyar ruwa da ta nufo wurin. Madam Anika ta rubuto sau biyu, ta ce tana kan nema. Ta aiko da hoton safar Hajara a rataye cikin gilashi. Wasiƙarta ta ƙarshe ta zo cikin Maris na bara.

Kwana huɗu kafin ya cika na je duba shi. Ya ce, "Malam, yanzu jarkar roba ta cika kasuwa, ba mai wahalar da kansa kan tsohon ƙarfe. In ka ga an zo da abin haƙa, ka faɗa. Kafin nan ka bari."

Ranar Litinin da ta wuce Musbahu, babban ɗan Tambaya, ya kawo masu haƙa rijiyar burtsatse su duba wuri. Da yake nan ne kaɗai ba shuka, sun kafa turkensu taku goma sha biyar arewa da daɓen. Na auna da kaina, sau biyu. Sun ce bayan sati biyu za su zo da inji.

Saboda haka ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, zan karanta wannan takarda a ƙofar Dagaci, kuma na aika kwafi ga ma'aikatan lafiya. Ga abin da ke ƙarƙashin allon: ganga goma sha ɗaya, layi biyu, shida da biyar, zurfin ƙirjin mutum. Ba zinariya ba ce. Guba ce wadda ragowarta a wankakkiyar ganga ta kashe awaki bakwai kafin rana ta take. Kada a haƙa rijiya a wurin, kada a fasa daɓen, sai waɗanda suka san aikin sun zo.

Hajara ta ce za ta zo ta tsaya daga bayan zaure ta ji. Tambaya, kai ma ka zo, ka zauna a gaba. Ka sha tambayarsa inda tukunyar take.